Filin Daga a Kan Tebur: Yadda Ake Raya Yaƙe-yaƙen da Aka Manta

'Yan'uwana ɗalibai, da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo bai taɓa hawan dokin kara ba, ko bai yi langa a farin wata ba, ko bai tsuguna yana kallon manya suna dara a gindin bishiya ba. In mun duba da kyau, duk waɗannan wasanni kwaikwayon yaƙi ne. Akwai ɓangare biyu, akwai dabara, akwai wanda ya ci da wanda aka ci. To, amma da mun shiga ajin tarihi sai yaƙi ya koma hadda: a shekara kaza wane ya ci wane. In malam ya ce, "Me ya sa ya ci shi?" sai aji ya yi tsit.

Akwai wani wasa da ke amsa wannan tambaya. Ana shirya filin daga a kan tebur, a jera 'yan ƙananan sojoji, a sake gwabza yaƙin da aka yi tun shekaru aru-aru, bisa dokoki da awo. Ina so in bayyana asalin wasan, da yadda ake yinsa, sa'an nan in kawo misalin yaƙe-yaƙe uku tsakanin Rashawa da Turkawa waɗanda ba kowa ya san da su ba. Daga ƙarshe mu komo gida mu ga abin da za su koya mana game da namu.

Asalin Wasan

Wannan wasa ba a hannun yara ya fara ba. A shekarar 1812 wani mutumin Purushiya, cikin ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz ya kai wa sarkinsu wani tebur da aka tsara shi da tuddai da koguna, ana tura 'yan guntayen abubuwa a kai a madadin rundunoni. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Shi ya mai da wasan kan taswira ta gaskiya, ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ga kuma alƙali a tsakani. Manyan soja suka ga amfaninsa, aka ba da umurni kowace runduna ta mallaki nata. Da Purushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonta.

Daga barikin soja wasan ya shigo gidajen mutane. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga littafi mai suna Little Wars, inda ya nuna yadda ake wasan da sojojin dalma da 'yar igwar wasa. A 1962 wani Bature, Donald Featherstone, ya buga nasa littafin, War Games, wanda ya jawo mutane da yawa. Yau akwai ƙungiyoyin masu wannan wasa a ƙasashe da dama. Sukan sayi sojojin dalma ko na roba, waɗansu tsawonsu milimita 15, waɗansu 28, su zauna su yi musu fenti daidai da irin tufafin da sojojin zamanin suka sa.

Me Ya Sa Rashawa da Turkawa?

Yawancin masu wasan sun fi son yaƙe-yaƙen da suka yi suna, irin su Waterloo na 1815. Amma yaƙin da kowa ya haddace ba ya koyar da sabon abu, don kowa ya riga ya san kuskuren da aka yi, sai ya kauce masa. Shi ya sa waɗansu ke neman yaƙe-yaƙen da aka manta. A nan kuwa tarihin Rasha da Turkiyya rumbu ne cike taf.

Sai mu lura da abu ɗaya tukuna. Daular Turkawa ita ma sunanta Daular Usmaniyya, amma ba tamu ta Sakkwato ba ce. Tasu ta samo suna daga kakan sarakunansu, Usman, kuma babban birninta shi ne Istambul, wanda kakanninmu ke kira Santambul. Daga shekarar 1568 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan daula da Rasha sun gwabza yaƙi har wajen sau 12. Abin da suke jayayya a kai shi ne Bahar Aswad da ƙasashen da ke kewaye da shi: Kirimiya, bakin Kogin Danub, da duwatsun Kafkas. Mutane sun san kewaye garin Plevna na 1877, inda Usman Pasha ya tsare Rashawa wajen wata biyar. Amma mutum nawa suka ji labarin Larga, ko Kinburn, ko Rimnik, ko Kulevicha? Ga guda uku daga cikin irinsu.

Na Farko: Kogin Prut, 1711

A watan Yuli na 1711 Sarkin Rasha, Peter na Ɗaya, ya kutsa ƙasar Moldabiya da sojoji wajen 38,000. Ya yi zaton mutanen ƙasar za su tarye shi da abinci da mayaƙa masu yawa. Ashe fara ta riga ta cinye amfanin gona, ga kuma zafin rana. Wazirin Santambul, Baltaji Mehmed Pasha, ya zo da rundunar da ta haura 100,000, haɗe da mahayan Tatar na Kirimiya, ya ritsa shi a bakin Kogin Prut. Gaba Turkawa, baya kogi, a ƙetaren kogin kuma ga abokan gaba. Rashawa suka haƙa ramuka suka kafa kariya. Dakarun Sarkin Santambul da ake kira Janisari, waɗanda asalinsu bayin sarki ne 'yan bindiga, suka kai farmaki aka kashe musu mutane da yawa, har suka ƙi komawa. Su kuma Rashawa abinci da albarushi sun kusa ƙare musu. Sai aka yi sulhu: Peter ya mayar da garin Azov, aka bar shi ya koma gida da rundunarsa. Kafin shekarar ta fita aka tuɓe Waziri.

Tambayar da ake kawowa kan tebur ita ce: da Waziri ya ƙara haƙurin kwana biyu ko uku, me zai faru? Wanda ya ɗauki matsayinsa zai ji abin da ya ji, don alƙali zai gaya masa cewa dakarunsa sun ƙi yaƙi, kuma bai san yawan abincin da ya rage a sansanin Rashawa ba.

Na Biyu: Kagul, 1770

Bayan shekara 59 sai reshe ya juye da mujiya. Ranar 1 ga Agusta 1770, a bakin Kogin Kagul, kudancin ƙasar Moldoba ta yanzu, Janar Rumyantsev ya fuskanci Waziri Halil Pasha da sojoji wajen 17,000 kacal. Littattafan Rashawa sun ce rundunar Waziri ta kai 150,000, waɗansu malaman tarihi kuwa na ganin ba ta kai haka ba. Ko ma dai yaya, ta ninka tasa sau da yawa. Ga kuma mahayan Tatar a bayansa suna neman tare masa ayarin abinci, har sai da ya ware wani sashe na sojojinsa don tsaron ayarin.

Rumyantsev bai zauna jira ba. Ya tashi cikin dare, da asuba ya faɗa wa sansanin Waziri. Dabararsa ita ce ya raba dakarunsa gida biyar, kowane gida ya tsaya a siffar murabba'i, watau kusurwa huɗu, kowane gefe yana fuskantar waje da bindigogi da banati, ga igwogi tare da su. Ta ko'ina mahayi ya ɓullo, bakin bindiga zai tarar. Mahayan Turkawa suka yi ta kai hari suna komawa. Can sai dubban Janisari da suka ɓuya a wani kwari suka ɓullo, suka fasa murabba'i ɗaya. Saura kaɗan al'amari ya lalace, sai Rumyantsev da kansa ya garzaya ya tsai da masu gudu, wata runduna ta kawo ɗauki. Kafin azahar sansanin Waziri ya watse, aka bar igwogi fiye da 100, mutane da yawa kuma suka halaka wajen ƙetare Danub. Yaƙin gaba ɗaya ya ƙare da yarjejeniyar Kucuk Kainarja a 1774, wadda ta buɗe wa Rasha hanyar Bahar Aswad.

Na Uku: Oltenitsa, 1853

Kada a ɗauka kullum Rashawa ke ci. Ranar 4 ga Nuwamba 1853, a farkon Yaƙin Kirimiya, sojojin Umar Pasha da suka ƙetare Danub sun kama wani ginin killace matafiya kusa da Oltenitsa, cikin Romaniya ta yanzu, suka haƙa ramuka kewaye da shi. Suka kuma kafa igwogi a kan tudun da ke ɗaya gaɓar, da kan wani tsibiri a tsakiyar kogin. Janar Dannenberg ya turo dakarunsa ta fili, wuta ta yi ta zubo musu daga wurare uku. Sun kusa isa bakin ramin ke nan sai ya ba da umurnin a ja da baya, bayan ya yi hasarar mutum kusan 1,000 tsakanin matattu da masu rauni. A littafi wannan layi biyu ne. A tebur kuwa, da zarar ka ɗora igwa a kan tudun ka auna nisan da harsashinta ke kaiwa, ka gane dalili ba sai an gaya maka ba.

Yadda Za Mu Yi Namu

Ba sai mun aika Ingila an sayo mana sojojin dalma ba. Duk abin da ake bukata yana nan a gida.

Da fari, fili. Tebur mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4 ya isa, ko kuwa a share ƙasa a inuwa a zuba rairayi. A tara yumɓu ya zama tudu, a shimfiɗa ƙyalle mai shuni ya zama kogi, kwalin ashana ya zama gida, auduga ta zama hayaƙin igwa. A duba taswira sosai kafin a fara, don kuskure a wurin kogi ko tudu yana ɓata wasan duka.

Na biyu, mayaƙa. Yaron da ya iya ƙera mota da karan dawa ba zai kasa yanka guntayen kara su zama rundunoni ba. Wanda ba ya son yin siffar mutum, ba dole ba ne. Jamusawan da suka fara wasan ma 'yan guntaye masu kusurwa huɗu suka yi aiki da su. Guntun kara dakaru, marfin kwalba mahaya, tsinken ashana a kan ɗan yumɓu igwa. A shafa wa ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

Na uku, awo. A nan lissafi ke shigowa. Mu ce inci 1 a tebur daidai yake da yadi 100 a fili. Ke nan tsawon teburinmu ya kai wajen mil biyar da rabi. Mu ce guntu 1 yana madadin mutum 500. Ke nan Rumyantsev zai sami guntu 34. In an bi ƙidayar Rashawa, Waziri zai sami 300. A gwada da 300, a kuma gwada da 150. In aka ga guntu 300 sun cushe ba su da wurin motsi, to, an koyi ɗayan biyu: ko dai marubutan sun ƙara gishiri, ko kuwa yawancin rundunar ba ta sami shiga faɗan ba sam. Duka biyun darasi ne.

Na huɗu, dokoki. Kowane zagaye a ɗauke shi kamar minti 15. Dakaru su yi tafiyar inci 6, dawaki inci 12, mai ƙetare rafi ko hawan tudu a rage masa rabi. Bindigar zamanin Kagul ba ta cika samun mutum ba in ya wuce yadi 100, saboda haka harbinta inci 1 ne, igwa kuwa a ba ta inci 8. Rundunar da ta rasa kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, sai a gwada ko za ta tsaya ko za ta watse, domin a yaƙin gaske ba a jira a kashe kowa kafin a gudu.

Na biyar, sa'a. Yaƙi ba dara ba ne da kowane ɗa ke tafiya inda aka sa shi. Manzo yakan ɓata hanya, albarushi yakan jiƙe. Masu wasan kan jefa ƙwayar lido don a san ko harbi ya samu. Wannan ba caca ba ce, don ba a zuba ko kwabo. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai a rubuta lamba 1 zuwa 6 a 'yan takardu, a zuba a hula a riƙa zara.

Na shida, alƙali, kuma shi ne ginshiƙin wasan. Kowane shugaban yaƙi zai rubuta umurninsa a takarda ya miƙa masa. Shi kaɗai ya san inda aka yi kwanton ɓauna, ba ya kuma ɗora wata runduna a tebur sai abokan gaba sun iso inda za su iya hango ta. Umurnin da aka aika wa runduna mai nisa sai ya ɗauki zagaye biyu ko uku kafin ya isa. Nan ne mutum zai gane cewa wanda ke zaune da littafi yana ganin komai, amma wanda ke filin daga ƙura da hayaƙi kawai yake gani.

Mu Komo Gida

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da Kagul? To, ga abin da ya haɗa mu. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwogi 4 da bindigogi masu ruwan harsashi 4. Ya fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu kuma ya shiga Kano, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. A ƙarshen watan, rundunar Kanawa da ke komowa gida a ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wani ɗan ayarin sojojin Turawa kusa da Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yanzu. Bisa rahoton Turawa, Laftanar Wright na da mutum 44 da hafsa ɗaya, Kanawa kuwa mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Sojojin suka tsaya a murabba'i. Barade suka yi ta kai hari wajen sa'a biyu ba su fasa shi ba, Waziri Ahmadu ya yi shahada a nan.

Kun ga dabarar Kagul ce ta sake ɓullowa bayan shekara 133, a kan kakanninmu. Bambancin shi ne bindigar 1903 tana kisa daga nisan da ya ninka na da sau da yawa. A jera wannan a tebur: ƙwayar masara 1 mutum 10, ke nan ƙwaya 5 a tsakiya, 300 kewaye da su. A auna nisan da doki zai keta a cikin wuta kafin mashi ya kai ga mutum. Duk wanda ya yi wannan awo ba zai ƙara cewa kakanninmu ragwaye ne ba, ba kuma zai ce tsafi aka yi musu ba. Zai ga jaruntaka ce ta yi karo da makami da tsari. Sa'an nan ya tambayi kansa: da sun ƙi kai hari a fili, suka jira dare, ko suka tsare hanyar ruwa, fa? A kuma tuna cewa yawancin waɗanda ke cikin murabba'in nan ba Turawa ba ne, 'yan Afirka ne, har da Hausawa.

Ba Kwatarkwashi kaɗai ba. Akwai yaƙe-yaƙen jihadi a ƙasar Kano, tun daga hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, da karon Ɗan Yayya, har zuwa Burumburum inda aka kashe Sarki Alwali a 1807. Akwai hare-haren Maraɗawa a ƙarni na 19, da Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yaƙe-yaƙen Rashawa da Turkawa, ko da an manta da su, suna nan a rubuce da taswirorinsu, duk ranar da aka neme su za a samu. Namu kuwa da yawa a bakin tsofaffi suke da kuma a jikin ƙasa. Tsofaffi suna tafiya, ganuwa tana zaizayewa, garma tana bi ta kan kufai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Chalawa a ƙasar Karaye a 1992, akwai filayen da ba mai sake taka su da ƙafa.

Wanda zai shirya yaƙi a tebur dole ya san inda ƙofar gari take, da inda rafi ya bi, da ta ina mahara suka ɓullo, da ko rani ne ko damina. Waɗannan tambayoyi ba su cikin littafin aji. Sai an je an gaishe da dattijo an zauna an saurara, an taka an auna da ƙafa, an zana. Ta haka wasa zai sa mu yi aikin da hadda ba ta taɓa sa mu yi ba.

Gargaɗi Biyu

Na ɗaya, tebur ba ya canja tarihi. In ka ci Rumyantsev a wasa, ba ka fi Waziri Halil dabara ba, domin kai ka san abin da ya faru, shi kuwa bai sani ba. Na biyu, kowane guntun kara da aka ɗauke daga tebur mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. Bai kamata a yi shewa a kansu ba, bai kuma kamata a mai da yaƙin Basasa ko na jihadi abin gori tsakanin zuriyar wannan da ta wancan ba. Maƙasudi shi ne fahimta.

Saboda haka ina ba 'yan ƙungiyar tarihi shawara su fara da Oltenitsa, don ita ce mafi sauƙi: kogi ɗaya, gini ɗaya, tudu ɗaya. In hannu ya faɗa sai a gwada Kagul, daga nan Kwatarkwashi. Lokacin hutu kuma kowa ya komo da labari ɗaya da zanen wuri ɗaya daga garinsu. Kara yana nan a gona bayan girbi, yumɓu yana bakin rafi, rula tana cikin jakar kowa.

Allah ya ƙara mana basira, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, yaƙi ya tsaya a kan tebur. Amin.